Batirin motar lantarki: tsawon rayuwarsa da yadda ake kula da shi

Batirin motar lantarki shi ne rumbun da ke adana wutar da ke tafiyar da motar, kuma shi ne kaya mafi tsada a jikinta. Kusan duk motocin lantarki na yau suna amfani da batirin litiyam, irin wanda kamfanin Sony ya fara kaiwa kasuwa a 1991, wanda kuma John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino suka sami kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a kansa a 2019. Batirin tarin ƙananan batura ne da ake kira ƙwayoyi, daga ɗaruruwa zuwa dubbai, a jere cikin akwati ƙarƙashin daɓen motar. Nauyinsa yakan kai kilo 300 zuwa 600, ana kuma auna abin da yake ɗauka da kilowat-awa.

Irin wannan batiri ba ya mutuwa farat ɗaya kamar ƙaramin batirin tada mota. Ƙarfinsa raguwa yake yi sannu a hankali: motar da ke cin kilomita 400 a caji ɗaya tana sabuwa, bayan shekaru sai a ga tana cin 350. Wannan ragi shi masana ke kira lafiyar batiri, suna faɗinta da kaso cikin ɗari na ƙarfinsa na farko.

Abin da ke tsufar da shi

A cikin kowace ƙwaya akwai ɓangare biyu, katod da anod, da ruwan sinadari a tsakaninsu. Idan ana caji, litiyam yakan tashi daga katod ya shige cikin anod, wanda galibi da garafayit, baƙin sinadarin da ke cikin fensir, ake yin sa; idan mota na tafiya sai ya komo. Tun cajin farko wani siririn ɓawo ke fitowa a fuskar anod. Ɓawon yana da amfani, don shi ke kare anod daga ruwan sinadarin, amma kauri yake ƙarawa kullum, kuma duk kaurin da ya ƙara litiyam ya ci, wanda ba zai sake ɗaukar wuta ba. Nan ne mafi yawan ƙarfin batiri ke zurarewa.

Tsufan iri biyu ne. Akwai na aiki, wato yawan cikawa da saukewa. Akwai kuma na zama, wanda ke faruwa ko motar tana ajiye ba a taɓa ta ba. Mutane sun fi jin tsoron na farko, alhali ga direban da ba ya doguwar tafiya kullum na biyun ne ya fi ɓarna. Abu biyu ke hanzarta shi: zafi, da barin batiri cike fal. Idan suka haɗu, kamar motar da aka cika ɗari bisa ɗari aka bar ta kwana da kwanaki a rana, to an haɗa mata duka biyun.

Sanyi kuma tasa matsalar daban. Idan aka tura wuta da ƙarfi cikin batiri mai sanyi ƙalau, litiyam ba ya samun shiga cikin garafayit da sauri, sai ya taru a kansa ya daskare kamar ƙarfe. Wannan asara ce da ba ta gyaruwa. Raguwar nisan tafiya da ake gani a lokacin hunturu kuwa ta ɗan lokaci ce, tana wucewa da zarar yanayi ya yi ɗumi. Batirin ya fi jin daɗin aiki tsakanin digiri 15 zuwa 35 a ma'aunin Selshiyas.

Darasin zafi an koye shi ne da wuri. Nissan Leaf ta farko, wadda ta fito a 2010 da batiri mai kilowat-awa 24, ba ta da na'urar sanyaya batiri, iska kawai ta dogara da ita. Zuwa 2012 masu ita a jihar Arizona ta Amurka, inda zafi ke da tsanani, sun fara kukan batirinsu na raguwa da wuri. Tesla Model S da ta fito a wannan shekarar tana zagaya ruwan sanyi ne a tsakanin ƙwayoyinta, kuma wannan tsari ne yawancin kamfanoni suka bi daga baya.

Shekaru nawa yake yi

Yawancin kamfanoni na ba da garanti na shekara 8 ko kilomita 160,000, duk wanda ya riga cika, da sharaɗin gyara ko sauya batirin idan ƙarfinsa ya faɗi ƙasa da kashi 70 cikin ɗari. Garantin ƙasan ma'auni ne. Batura da yawa sukan wuce shi da nisa. Kamfanin Geotab na Kanada, mai bin diddigin motocin ma'aikatu, ya bayyana a 2024 cewa matsakaicin ragin da ya gani kashi 1.8 ne cikin ɗari a shekara. A kan wannan lissafi, batiri zai kai shekara goma yana riƙe da fiye da kashi 80 na ƙarfinsa. Ragin ba daidai yake tafiya ba: yakan ɗan yi sauri a shekarun farko, ya lafa na dogon lokaci, sannan ya sake tsananta can a ƙarshe.

Sinadarin katod ma yana da tasa rawar. Batirin NMC, mai nikel da manganis da kobalt, ya fi ɗaukar wuta a ƙaramin nauyi, amma ba ya son zama a cike. Batirin LFP, mai ƙarfe da fosfet, wanda kamfanonin Sin irin su CATL da BYD suka yaɗa, ya fi nauyi, sai dai ya fi jure yawan caji, ya fi araha, kuma ba ya saurin kama wuta.

Kulawa

Ga NMC, shawarar da aka fi bayarwa ita ce a riƙe cajin yau da kullum tsakanin kashi 20 da 80, a cika shi fal sai in za a yi doguwar tafiya, kuma a kama hanya da zarar ya cika. LFP kuwa ana so a riƙa cika shi ɗari bisa ɗari lokaci-lokaci. Tesla ta shawarci masu irin wannan batiri su yi haka aƙalla sau ɗaya a mako. Dalilin ba wai cikawar na ƙara masa lafiya ba ne. Ƙarfin wutar LFP, wato bolt ɗinsa, kusan bai canzawa daga rabi zuwa kusa da cika, don haka kwamfutar da ke lura da batirin takan rikice wajen ƙiyasta abin da ya rage, sai an cika shi take daidaita lissafinta.

Wannan kwamfuta ita ce mai gadin batirin. Tana auna zafi da ƙarfin ƙwayoyi, tana daidaita su, tana rage saurin caji idan ta ga haɗari. Tana kuma ɓoye wani ɗan kaso a sama da ƙasa, shi ya sa sifilin da direba ke gani a allo ba sifili ne na gaskiya ba. Duk da haka, barin mota a sifili na makonni na iya lalata ƙwayoyin. Idan za a ajiye ta na dogon lokaci, a bar ta a wajen rabin caji, a inuwa.

Cajin gaggawa ba haramun ba ne, kuma a motocin da ke da sanyaya ta ruwa ɓarnarsa ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba. Amma yana ɗumama batiri, don haka cajin gida mai tafiya a hankali ya fi dacewa da yau da gobe. Motoci da yawa kan ɗumama ko sanyaya batirin da kansu idan aka saka tashar caji a taswirar allo, kafin a isa. Wani abin da akan manta shi ne ƙaramin batiri mai bolt 12 da ke kunna kwamfutoci da fitilu: shi yakan mutu cikin shekara uku zuwa biyar, kuma in ya mutu motar ba za ta tashi ba ko da babban batirin cike yake. Buɗe babban akwatin kuwa aikin ƙwararru ne kaɗai, don wutar cikinsa takan kai bolt 400, a wasu motocin 800.

Bayan ya bar mota

Batirin da ya gaza wa mota bai gama amfani ba. Ana haɗa irinsu a adana wutar hasken rana ko a tallafa wa layin lantarki. Filin wasa na Johan Cruijff da ke Amsterdam ya buɗe irin wannan rumbu a 2018 da batiran Nissan Leaf, sababbi da tsofaffi. Waɗanda suka ƙare sarai ana niƙa su a ciro nikel da kobalt da tagulla da litiyam, aikin da kamfanoni irin su Redwood Materials na jihar Nevada ta Amurka ke yi. Tarayyar Turai ta kafa dokar batura a 2023, wadda ta tanadi cewa daga 2027 kowane sabon batirin motar lantarki zai zo da fasfo na intanet mai nuna kayan da aka yi shi da su da halin lafiyarsa.