Cocin Baftis na Farko, Legas

Cocin Baftis na Farko da ke titin Broad a tsibirin Legas shi ne mafi daɗewa cikin majami'un ɗariƙar Baftis a birnin Ikko. An kafa shi a 1855, zamanin Oba Dosunmu. Legas a lokacin ƙaramin gari ne na masunta da fatake, Turawan Ingila ma ba su karɓe shi ba sai a 1861.

Aikin Baftis a Najeriya ya fara ne da Thomas Jefferson Bowen, wanda Baftis na jihohin kudu na ƙasar Amurka suka aiko. Ya sauka Badagry a watan Agusta 1850, amma hankalinsa yana can cikin ƙasa, don haka ya wuce Abeokuta, ya zauna a Ijaye, daga baya Ogbomoso. Legas zango ce kawai, inda ake sauke kaya da wasiƙu daga jirgin ruwa. Wanda aka ba riƙon zangon shi ne Joseph Harden, baƙar fata ɗan Amurka da ya taso daga Laberiya. Shi ya tara masu bi na farko, ya kuma buɗe makarantar da ta zama Baptist Academy, wadda yanzu take Obanikoro a kan titin Ikorodu.

Ba a jima ba abubuwa suka dagule. Yaƙin basasar Amurka, daga 1861 zuwa 1865, ya yanke kuɗin da ake aikowa. Ibadan ta ci Ijaye da yaƙi a 1862, tashar mishan ta can ta watse. Harden ya rasu a 1864. A 1867 mutanen Abeokuta suka kori Turawan mishan, masu bi da marayun Ijaye suka gangaro Legas. Daga 1869 zuwa 1875 babu ɗan mishan ko ɗaya daga Amurka. Matar Harden, Sarah, da wani matashi daga cikin yaran Ijaye, Moses Ladejo Stone, su suka riƙe sujada har W. J. David da W. W. Colley suka iso a 1875. Waɗannan shekaru shida su ne tushen abin da ya biyo baya, domin jama'ar da ta riƙe kanta ba ko sisin kowa, da wuya ta sake yarda a yi mata kallon 'yan amshin Shata.

An naɗa Stone fasto a 1880. David ya gina majami'ar bulo da kayan da ya yo oda daga Amurka, makaranta ta bunƙasa. Sai rigima ta tashi a kan albashi. Abin da ake biyan Stone bai isa ba, ya shiga ɗan kasuwanci don ya cike giɓi, David ya hana. Stone ya nemi ƙari, aka ƙi. Da ya ajiye aiki, David ya karɓa bai tuntuɓi ikilisiya, wato jama'ar cocin, ba, nan ne gizo ke saƙar. A tsarin Baftis ikilisiya ce ke kiran fasto, ita ce kuma ke sallamarsa. Membobi suka ga an taka dokar da mishan ɗin da kansa ya koya musu. A 1888 mafi yawansu suka fice suka kafa Native Baptist Church, wanda daga baya aka sa wa suna Ebenezer. Masana tarihi suna lissafa shi a matsayin coci na farko a Najeriya da ya ɓalle daga hannun mishan. Cikin jagororinsa har da D. B. Vincent, wanda ya yar da sunan Turawa ya koma Mojola Agbebi. Shi kansa Stone daga baya ya dawo tsohon cocin, ya yi fastonsa har rasuwarsa a 1913.

An sasanta a 1914 a Ibadan, inda ɓangarorin suka haɗu a ƙungiyar Baftis ta Yarabawa, Agbebi ne shugabanta na farko. A 1919 aka sauya mata suna zuwa Nigerian Baptist Convention. J. T. Ayorinde, wanda ya yi fasto a cocin titin Broad, shi ne ɗan ƙasa na farko da ya zama babban sakatarenta.

Tsarin da aka yi faɗa a kansa shi ake bi har yau. Sabuwar ikilisiya takan fara a matsayin tashar wa'azi ƙarƙashin uwar coci, sau da yawa a falon wani ko ajin makaranta. Idan ta samu membobi masu baftisma da za su iya ɗaukar albashin fasto daga baiko da zakka, sai a tsayar da ita, ta zaɓi dikanoni, masu taimaka wa fasto a hidimar coci, da ma'aji, ta shiga ƙungiyar majami'un yankinta. Ba a yi wa jarirai baftisma. Sai wanda ya furta bangaskiya da bakinsa, ya yi ajin koyarwa, sannan a nitsar da shi cikin ruwa gaba ɗaya. Kasafin kuɗi, sayen fili da kiran fasto duk a taron membobi ake yanke su da ƙuri'a. Babu bishop da zai tsawata daga sama, shi ya sa saɓani kan kuɗi ko takardun fili, musamman idan an rubuta filin da sunan mutum ɗaya, yakan ƙare da rabuwa.

Baftis ya isa Arewa ta hannun fatake da ma'aikatan jirgin ƙasa Yarabawa, a garuruwa irin su Jos, Kaduna da Zariya, daga baya aka buɗe makarantar horar da fastoci a Kaduna. Yau 'ya'yan waɗancan ikilisiyoyi suna Legas, a barikin soja da na 'yan sanda, da unguwanni irin su Obalende, Agege da Mile 12, da Littafi Mai Tsarki na Hausa a jakarsu. Wanda ya zo daga Kafanchan ko Kagoro yana son zama cikakken memba ba a sake yi masa baftisma. Wasiƙa yake kawowa daga ikilisiyarsa ta gida, a gabatar da shi a gaban jama'a, su amince. In bai kawo ba, zai yi sujada tare da kowa, amma ba shi da ƙuri'a ranar taro.