Tsohuwar Cocin Petäjävesi: Ginin Katako da Manoma Suka Yi wa Kansu

A tsakiyar ƙasar Finland, a ƙauyen Petäjävesi, akwai wata coci ta ɗarikar Lutheran da aka gina da gungumen itace zalla. Hukumar UNESCO ta sa ta cikin jerin kayan tarihi na duniya a 1994.

Yaya aka yi ɗarikar Lutheran ta kai can?

Gyaran addinin Kirista da Martin Luther ya fara a Jamus a 1517, wanda ya haifar da ɗarikar Lutheran, bai daɗe ba ya isa arewacin Turai. Finland a lokacin tana ƙarƙashin sarautar Suwidin, kuma tun 1527 Sarki Gustav Vasa ya fara janye cocin ƙasarsa daga hannun Paparoma. A 1548 wani malamin coci, Mikael Agricola, ya fitar da Sabon Alkawari da harshen Finland. Daga nan wa'azi da harshen jama'a ya zama ƙashin bayan ibada.

Me ya sa ƙauyen ya nemi cocinsa?

Nisa. Mutanen Petäjävesi suna ƙarƙashin cocin Jämsä ne, kuma zuwa can doguwar tafiya ce ta daji da ruwa, ko da jariri za a kai baftisma, ko gawa za a kai makwanci. A 1728 suka sami izinin kafa maƙabarta da ƙaramar coci da kuɗin aljihunsu. Aikin ginin da muke gani yau sai a 1763 aka fara shi, aka gama a 1765. An zaɓi bakin tafki da gangan: da rani a zo da kwale-kwale, da hunturu a tako kan ƙanƙara.

Wa ya gina ta?

Wani gwanin kafinta ɗan yankin, Jaakko Klemetinpoika Leppänen, shi ya jagoranci aikin. Ba a makarantar zanen gini ya koyi sana'ar ba, a wurin aiki ya koya. A 1821 jikansa Erkki Leppänen ya ƙara hasumiyar ƙararrawa, aka haɗa ta da cocin da wani ɗan soro, aka kuma faɗaɗa tagogi.

Mene ne abin mamaki a fasalin ginin?

A nan ne, a ganina, darajar cocin take. Manyan cocin Turai da dutse aka gina su. Waɗannan kafintoci ba su da dutsen sassaƙa, ba su da kuɗinsa, sai dajin itacen fain da gatari. Duk da haka suka ɗauko siffofin ginin dutse suka zuba su cikin katako.

Idan aka dubi ginin daga sama, gicciye ne mai hannuwa huɗu kusan daidai da juna. Wannan tsari na tara jama'a a tsakiya daga zamanin farfaɗowar fasaha a Italiya ya samo asali. Amma ga mai gini da itace yana da wani amfani daban. Gungume yana da iyakar tsawo, kuma doguwar bango ta gungume takan yi ciki in nauyin rufi ya danne ta. Gicciye kuwa yana da kusurwoyi da yawa, a kowace kusurwa an sare bakin gungumen an sarƙe shi da ɗan'uwansa, sai bangon ya riƙe kansa da kansa.

Daga waje rufin dogo ne mai tsini, irin na Gotik, wani tsohon salon ginin coci a Turai, an lulluɓe shi da ƙananan fallayen katako, ɗaya bisa ɗaya kamar ɓawon kifi. Tsininsa ne ke sa dusar ƙanƙara ta zame. Daga ciki, kowane hannu na gicciyen yana da rufi mai lanƙwasa da aka yi da alluna, a mahaɗarsu kuma ƙubba ce mai kusurwa takwas. Yawancin katakon ba a shafa masa fenti ba, har yanzu ana ganin sawun gatari a jikinsa.

Me ake gani a ciki?

Mumbari ne ya fi jan ido, kuma ba abin mamaki ba ne a cocin da wa'azi ke kan gaba. An kafa shi inda kowa zai ji muryar fasto, an ƙawata shi da sassaƙen mala'iku da marubutan Bishara. Abin da ke tallafe da shi daga ƙasa gunkin Waliyyi Kiristofa ne, wanda labarin gargajiya ya ce ya ɗauki yaro Yesu a kafaɗa ya haye kogi da shi. Mabiya Luther ba sa roƙon waliyyai, amma mutanen da sai sun haye ruwa kafin su zo ibada ba su yar da wannan hoto ba. Sassaƙen ba na gwanayen birni ba ne, fuskokin irin na mutanen ƙauye ne, kuma hakan ne ya sa suke da rai.

Ta yaya ta tsira ba a canza ta ba?

Barin ta da aka yi ne ya cece ta. A 1879 aka gina sabuwar coci a ƙetaren ruwan, jama'a suka koma can. Ba a rushe tsohuwar ba, domin ana ci gaba da binne mamata a maƙabartarta ana kuma kaɗa ƙararrawarta. Da tana aiki kullum, da an yi mata irin gyare-gyaren zamani da suka sauya kamannin sauran cocin karkara. A shekarun 1920 masanin tarihin fasaha ɗan Ostiriya, Josef Strzygowski, ya jawo hankali kan darajarta, aka fara gyara ta daga 1929.

Ana ibada a cikinta yanzu?

Ana yi, musamman da rani, kuma masu aure suna son a ɗaura musu a can. Kula da ita aiki ne da ba ya ƙarewa: lokaci-lokaci sai an sake shafa wa rufin kwaltar da ake tatsowa daga itacen fain don kada ruwa ya ruɓar da shi, ana kuma tsaron wuta sosai, tunda daga bango har mumbari duk busasshen katako ne.