Dodon na kowa ne, zanen na mai shi ne: abin da dokar Saudiyya ta ce

Ɗan ƙanwata da ke zaune a Jidda ya turo min hoton wata takarda da ya cika da rubutu da alƙaluma, a gefe ga zanen wata mata doguwa mai lulluɓi, ƙafafunta kofaton jaki. Shi da abokansa huɗu ne suke haɗuwa duk daren Juma'a, su yi wasa irin na Dungeons & Dragons, su shimfiɗa taswira a ƙasa, ga butar shayi, ga ɗan lido mai fuska ashirin. Ɗaya yana ba da labari, sauran kowa ya zama jarumi a ciki, ɗan lidon ne ke yanke wanda sararsa ta ci da wanda ya kuskure. Matar nan dodon da ya ƙirƙira ce: gawa ce da ta ƙi kwanciya, tana rikiɗa ta ɗauki kamannin duk wanda ta cinye, ƙafar ce kaɗai ke tona mata asiri. Yanzu so yake ya buga ɗan littafi ya sayar. "Kawu," in ji shi, "in na buga, masu Dungeons & Dragons za su iya kai ni ƙara?"

Dokar da na duba a lokacin ita ce ta kare haƙƙin mawallafi, wadda aka fitar da umarnin sarki mai lamba M/41 a shekarar 1424 ta Hijira, wato 2003. Hukumar kula da haƙƙin fasaha ta Saudiyya ce ke kula da wannan fanni. Ƙasar ta shiga yarjejeniyar Berne, ta kare haƙƙin mawallafi tsakanin ƙasashe, a 2004, saboda haka littafin da aka rubuta a Amurka yana da kariya a Jidda kamar wanda aka rubuta a Riyad.

Sashe na 4 shi ne garkuwar yaron nan. Ya cire ra'ayi tsagwaronsa da hanyoyin aiki da ƙa'idojin lissafi daga cikin abin da ake karewa. Cewa akwai matacce mai tashi ya sauya kama, ra'ayi ne, ba wanda ya mallake shi. Cewa a jefa ɗan lido a ƙara wani adadi a kai, hanyar aiki ce. Abin da doka ta tsare shi ne kalmomin da wani ya zauna ya tsara, da hoton da wani ya zana. In ka kwafi sakin layinsu, ko ka fassara shi zuwa Hausa ka ce naka ne, ka taka doka, don fassara ma haƙƙin mawallafi ce. In ka ɗauki hotonsu ka ɗan sauya launi, nan ma ka taka.

Ai ma in gado ake bi, yaron ya fi su kusa da dodon. Gul ta Larabawa ce tun zamanin Jahiliyya, halitta ce da ke tare matafiyi a daji cikin siffa iri-iri ta ɓatar da shi. Wanda ya yi karatun zaure zai tuna baitin Ka'abu ɗan Zuhairu a Banat Su'ad, inda ya kamanta masoyiyar da ba ta tsayawa a kan hali ɗaya da gul mai sauya launi cikin tufafinta. A Sahihu Muslim akwai hadisin da ya kore ta, "la gula". Turawa sun san ta ne ta fassarar Dare Dubu da Ɗaya da Bafaranshe Antoine Galland ya fara fitarwa a 1704, daga can ta koma mai tonon kabari, har masu wasa suka mai da ita gawa mai tafiya. Mu ma ba baƙi ba ne a nan. Wa bai taɓa jin labarin kyakkyawar da direba ya ɗauka da dare, sai da ta zo sauka ya ga kofato ba?

Sai dai dokar Saudiyya tana da wani sashe da mutane ba su cika lura da shi ba. Sashe na 7 ya ce al'adun gargajiya mallakar ƙasa ne, hukuma ce ke riƙe da haƙƙinsu, ya kuma hana shigo da kwafinsu da aka buga a waje ko rarraba su sai da izini. Abin da ake nufi shi ne ayyukan adabi da fasaha da ake ɗauka an ƙirƙire su a ƙasar, ana gadonsu kaka da kakanni. A karatuna, wanda ya tattaro tatsuniyoyin Hijaz ko na Najad ya buga su yadda ake faɗarsu, shi sashen ya fi shafa. Wanda ya ari kofato kawai ya gina dodonsa a kai, yana ƙarƙashin inuwar sashe na 4.

To alƙaluman da ke takardarsa fa, ƙarfin dodo da yawan sarar da zai sha kafin ya faɗi? Nan kamfanin da kansa ya buɗe ƙofa. A Janairun 2023, bayan 'yan wasa sun yi masa ca kan yunƙurin sauya tsohon lasisinsa na shekarar 2000, Wizards of the Coast, kamfanin Amurka mai wasan, ya saki kundin ƙa'idojinsa mai suna SRD 5.1 ƙarƙashin lasisin Creative Commons, irin wanda sharaɗinsa ambaton mai abu. Kana iya kwafa, ka gyara, ka fassara, ka sayar, muddin ka rubuta layin da ke nuna inda ka ɗauko. A kundin akwai gul ɗinsu mai shanye jikin wanda ta yakusa, akwai mataccen nan mai shan jini da ke rikiɗa jemage ko hazo. Amma ba duk dodanninsu ke ciki ba, sun riƙe wasu, kamar mai siffar ƙwallo da idanu barkatai. Sunan wasan da tambarinsa kuma alamar kasuwanci ce, lasisin bai ba ka su ba, kada su hau bangon littafinka.

A dokar ta 2003, sashe na 22 ne ya tanadi hukuncin wanda ya keta: gargaɗi, ko tarar da ba ta wuce riyal 250,000 ba, ko rufe shago har wata biyu, ko ƙwace kwafin, ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba. Wanda ya sake, ana iya ninka masa.

Shi ma yaron doka ta tsaya masa. Daga ranar da ya rubuta dodonsa haƙƙin ya zama nasa, ba sai ya yi rajista ba, tsawon rayuwarsa da shekara 50 bayan rasuwarsa. Izinin bugawa da sayarwa kuwa wata doka ce daban, ta ɗab'i da yaɗa labarai, da lambar ajiya daga ɗakin karatu na Sarki Fahad. Wannan sai ya bi layinsa.

Abin da ya fi damuna ma ba Amurka ba ce. Na tambaye shi wa ya zana matar, ya ce abokinsa ne, kyauta ya yi masa. Zanen na abokin ne har gobe, domin dokar ta ce miƙa haƙƙi sai a rubuce, a kuma fayyace tsawon lokaci da wurin da ya shafa. "Na bar maka" a bakin butar shayi ba ta isa ba ranar da kuɗi ya fara shigowa. Na ce ya samo takarda su sa hannu su biyun kafin daren Juma'a mai zuwa. Ya yi dariya ya ce, "Kawu, ai ɗan unguwarmu ne." Na ce na ji, ya dai turo min hoton takardar.