Mata Masu Dubara

Mata Masu Dubara tsari ne na ƙungiyoyin tanadi da rance na mata, wanda ƙungiyar agaji ta CARE ta fara a jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar a shekarar 1991. Tushensa adashe ne, amma sun bambanta. A adashe mutum ɗaya ke kwasa a kowane zagaye. A nan kuwa zubin yana taruwa a asusu, mai buƙata ta ci rance ta biya da ɗan ƙari, sai ƙarshen zango a raba. Daga Nijar tsarin ya bazu zuwa ƙasashen Afirka da dama, har da Najeriya.

Ƙungiya kan ƙunshi mata 15 zuwa 30, kuma su da kansu suke zaɓar juna. Wannan ba ƙaramin sharaɗi ba ne, domin ba a neman jingina. Abin da ke sa mace ta biya bashi shi ne kunyar maƙwabciyar da za ta haɗu da ita gobe a bakin rijiya. Idan yawan matan ya wuce 30 sanayya takan yi rauni, shi ya sa ake gwammace a kafa sabuwar ƙungiya.

Ana zama sau ɗaya a mako, a rana da lokacin da aka tsayar. Akwai shugaba, magatakarda, ma'aji da masu ƙirga biyu. Kuɗin yana cikin akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makullan na hannun mata uku daban, akwatin kuma yana kwana a ɗakin ma'aji wadda ba ta riƙe makulli ko ɗaya. Ba a buɗe shi sai a bainar taro. Nan ake zubi, nan ake neman rance, nan ake ƙirga abin da ya rage a faɗa da ƙarfi. Da yake yawancin matan farko ba su yi boko ba, da ka ake riƙe lissafi: mako na zagayowa, kafin a buɗe akwati sai an tambayi jama'a nawa aka bari. Littafin zubi ya shigo daga baya, amma faɗa da bakin ya fi shi tsare amana, tunda littafi mutum ɗaya ke rubuta shi.

Dokokin su suke yanke wa kansu, ciki har da tarar makara da ta fashin taro. Tarar ba ta da yawa, amma idan aka fara yafe wa shugaba ko matar mai gari, sauran dokokin ma sukan bi ruwa. Ana kuma ware wani ɗan zubi na taimako domin rashin lafiya, haihuwa ko rasuwa.

Zango kan ɗauki wata 9 zuwa 12. A ƙarshensa a karɓo duk basussuka, a raba uwar kuɗi da riba, galibi dab da damina ko salla. Mai son fita ta fita ba tare da rigima ba, a sake zaɓen shugabanni. Ma'aikacin da ya horar da ƙungiya yana janyewa cikin kusan shekara guda, kuma ba ya zuba mata jari.

Ƙarin da ake biya kan rance ya jawo muhawara kan ko kuɗin ruwa ne da Musulunci ya hana, don haka wasu ƙungiyoyin Musulmi sukan ba da rance ba ƙari, su nemi riba ta hanyar sayen hatsi da kaka a sayar da bazara.