Raguwar fahimtar karatu a tsakanin masu digiri a Amurka

Raguwar fahimtar karatu a tsakanin masu digiri batu ne da ya taso a Amurka a watan Disambar 2005, lokacin da NCES, cibiyar ƙididdigar ilimi ta gwamnatin ƙasar, ta fitar da sakamakon wani gwajin auna fahimtar karatu na baligai da ake kira NAAL. An yi gwajin ne a 2003 kan mutum sama da 19,000 daga shekara 16 zuwa sama, har da fursunoni, sai aka kwatanta shi da irinsa da aka yi a 1992.

Ba wai ana nufin mai digiri ya kasa karanta harafi ba ne fa. Mataki huɗu aka raba mutane, na can sama shi ne na ƙwararru, wato mutumin da za a miƙa masa sharhin jarida guda biyu masu saɓanin ra'ayi ya karanta ya fitar da inda suka bambanta, ko a ba shi jadawali mai nuna hawan jini da shekaru da motsa jiki ya gane me yake cewa. A 1992 kashi 40 cikin ɗari na masu digirin farko ne suka kai wannan mataki a karatun zube, zuwa 2003 sun koma 31. Masu karatun gaba da digiri, su mastas da dokta, sun sauko daga 51 zuwa 41, kenan sama da rabinsu ba su kai ba. A ɓangaren karanta takardu irin su fom da taswira da jadawali ma abin ya fi muni, masu digirin farko sun sauko daga 37 zuwa 25. Lissafi ne kawai bai wani motsa ba.

Kan dalili kuwa har yanzu ana ta ja-in-ja. Wasu sun ɗora laifin a kan talabijin da intanet, wai mutane sun daina karatun nishaɗi, kuma dama a 2004 NEA, hukumar tallafa wa fasaha da adabi ta gwamnatin Amurka, ta ba da rahoton cewa masu karanta adabi sun ragu zuwa ƙasa da rabin baligan ƙasar. Wasu suka ce a'a, jami'a ce ta buɗe ƙofa, yanzu mutane da yawa ke shiga har da waɗanda a da ba za su samu gurbi ba da kuma baƙi waɗanda Ingilishi ba harshensu na farko ba ne, gwajin kuma da Ingilishi zalla ake yi, to dole matsakaicin maki ya sauko ko da koyarwar ba ta lalace ba. Wannan hujja ta biyu tana da ƙarfi gaskiya, sai dai da wuya ta iya bayyana faɗuwar masu mastas ita kaɗai.

Daga baya gwajin PIAAC na OECD, ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki da ci gaba ta ƙasa da ƙasa, ya maye gurbin NAAL. A cikinsa matsakaicin makin karatu na baligan Amurka gaba ɗaya ya sauka daga 271 a 2017 zuwa 258 a 2023, waɗanda ke mataki na ɗaya ko ƙasa da shi, wato mafi rauni a karatu, kuma suka ƙaru daga kashi 19 zuwa 28.