Shin Abin da Iska Ba Ta Taɓa Shi Ba Ya Ruɓewa?

An daɗe ana faɗa, har a garejin kanikawa na Sabon Gari a nan Zariya, cewa fetur ɗin da ya nutse cikin ƙasa ko taɓo ba zai taɓa ruɓewa ba, tunda iska ba ta kai gare shi. Maganar tana da dalilinta, domin ruɓewa a sarari ta fi sauri.

Sai dai akwai ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, waɗanda ke rayuwa inda babu iskar oksijin. Sinadarai irin su benzin da toluwin na cikin fetur suna da zobe mai ƙwayar kabon 6, mai wuyar fasawa, amma wasu bakteriya sukan ɓalle shi su mayar da shi asetet (dangin sinadarin da ke cikin ruwan khal) da iskar haidirojin, sannan wani rukuni dabam ya cinye waɗannan ya fitar da mitan, wani gas mai kama wuta. Abin da ya fi burge ni shi ne, idan rukuni na biyu bai kwashe haidirojin ba, aikin na farko tsayawa yake yi cak. Aikin yana da nawa ƙwarai, musamman ga benzin, don haka man da aka zubar kusa da rijiya yana iya gurɓata ruwa tun kafin ya ruɓe.

Mai son ganin ruɓewa ba tare da iska ba ya dama ɗanyen kashin shanu da ruwa a kwalba, ya ɗaura balan-balan a bakinta, ya ajiye a wuri mai ɗumi nesa da wuta. Cikin 'yan makonni zai ga balan-balan ta kumbura saboda gas ɗin da ruɓewar ta fitar. A taimaka a tura wa 'yan'uwa wannan bayani.