Waiwaye: Yadda bakin tekun San Francisco ya koma hannun birni

Wannan bakin tekun San Francisco da ake yawan ganin hotonsa, inda Ferry Building, wato ginin tashar jiragen fito, yake, sama da shekara 100 ba birnin ke iko da shi ba, jihar California ce.

Abin ya faro ne a 1850 da California ta zama jiha a Amurka. A dokarsu duk ƙasar da teku ke rufewa in ya yi ambaliya ya kuma buɗe in ya janye, jiha ce ke riƙe da ita amma amanar jama'a ce, kusan kamar waƙafi, don zirga-zirgar jirage da kasuwanci da kamun kifi. To amma farkon zamanin wawaso kawai aka yi, a Oakland da ke tsallaken ruwa a 1852 mutum ɗaya, Horace Carpentier, aka damƙa wa bakin ruwan garin kaf wai ya gina matsayar jirage da makaranta, sai da aka kwashe shekaru ana shari'a kafin garin ya ƙwato kayansa. San Francisco kuwa a 1863 jiha ta kafa hukumarta ta karɓe tashar jiragen ruwan garin. A 1879 tsarin mulkin jihar ya hana sayar wa ɗaiɗaikun mutane irin wannan ƙasa in tana cikin mil 2 daga birni.

Sai a 1968 aka yi dokar Burton, 1969 aka miƙa wa birnin tashar, mil 7 da rabi. Amma ku dubi lokacin da aka miƙa fa! Jiragen kwantena sun riga sun karkata Oakland inda akwai fili da layin dogo, abin da San Francisco ta samu tsofaffin dakalan jirage ne da turakun katako suna ruɓewa cikin ruwa, ga bashin da jiha ta ci shi ma aka ɗora mata. Kuma ba mallaka aka ba ta ba, riƙo ne, kuɗin da tashar ta tara ba a kwashe shi a kai wani aikin birni, gidajen kwana ma ba a ginawa a wurin sai majalisar jiha ta cire filin daga amanar.

Gaskiya ni ina ganin wannan sharaɗin mai tsauri shi ya sa har yau mai ƙaramin ƙarfi ke iya zuwa ya zauna bakin ruwa ya jefa ƙugiya ba wanda ya kore shi. Mutanen garin ma sun ƙara nasu, a 1990 suka jefa ƙuri'a suka hana gina otal a kan dakalan, a 2014 suka ce ba za a ƙara tsawon gini a filin tashar ba sai da ƙuri'arsu. Hukumar filaye ta jiha ta kai ƙara tana cewa ƙasar ta duk 'yan California ce ba ta 'yan birni kaɗai ba, a 2018 aka yi sulhu. Shekarar dai mutanen garin suka amince a ciyo bashin dala miliyan 425 don gyaran tsohuwar katangar da ke tare teku, wadda ta haura shekara 100 ga barazanar girgizar ƙasa.